Harshen Da Likitan Ido Ya Ƙera

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na tsarin sauti ya jefa mana wata tambaya ana dab da tashi daga lacca. Ya ce da za a ba kowannenmu izini ya ƙera sabon harshe wanda duniya duka za ta koya, waɗanne baƙaƙe zai sa a ciki, waɗanne kuma zai zubar? Nan take aji ya kaure. Wani ya ce shi da farko zai kori ɓ da ɗ da ƙ, don baƙi suna shan wuya da su. Wata ta ce ai karin sauti ne ya kamata a fara kora. Malam ya bar mu muka yi ta gardama, sa'an nan ya ce an riga mu, domin wani likitan ido ya amsa wannan tambaya tun shekarar 1887, kuma har yau akwai masu magana da amsar tasa. Sunan harshen Esperanto. Abin da na samo game da shi ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman ta fuskar sauti da nahawu.

Asalin mai harshen

An haifi Ludwik Zamenhof a shekarar 1859 a garin Biyalistok, wanda yau yake cikin ƙasar Poland, amma a lokacin yana ƙarƙashin daular Rasha. Garin ya tara Yahudawa masu magana da Yidish, da mutanen Poland, da Rashawa, da Jamusawa, kowace ƙabila tana kallon 'yar'uwarta a kaikaice. Shi Zamenhof Bayahude ne, mahaifinsa kuma malamin harsuna. Tun yana yaro ya ɗauka cewa rashin jin maganar juna shi ne tushen wannan gaba, saboda haka ya ƙudura zai samar da harshe na biyu wanda ba na kowa ba ne, don kada wani ya ji an fi shi gata. A shekarar 1878, yana ɗan sakandare, ya riga ya tsara siffar farko ta harshen. Daga nan ya yi ta gyara yana gwadawa da fassara, har ya gama karatun likita.

A shekarar 1887 ya buga ɗan littafinsa a birnin Warso, cikin Rashanci, da taimakon dukiyar gidan su matarsa Klara. Littafin ya ƙunshi dokokin nahawu 16 da saiwoyin kalmomi kimanin 900. Bai sa sunansa ba, sai ya kira kansa Doktoro Esperanto, wato likita mai fata. Wannan laƙabi ne ya bi harshen har ya zama sunansa.

Ba shi ne na farko ba. A shekarar 1879 wani limamin cocin Katolika a Jamus, Johann Martin Schleyer, ya fito da nasa harshen mai suna Volapük. Schleyer ya yi tunanin bakin mutanen nesa, har ya rage amfani da baƙin r saboda mutanen Sin da yara da tsofaffi. Sai dai ya mayar da kalmomin da ya aro yadda masu su ma ba sa gane su. Sunan harshen kansa daga kalmomin Ingilishi biyu ne, ta duniya da ta magana, amma Baturen Ingila ba zai taɓa shaida su ba. Ya kuma cusa wasula irin na Jamusanci, ä da ö da ü, waɗanda yawancin mutanen duniya ba su da su. Duk da haka harshen ya yi tashe, aka kafa ƙungiyoyinsa da yawa, aka yi babban taro na uku a Paris a 1889 da shi kansa harshen. Abin da ya karya shi rigima ce. Wani malami mai suna Auguste Kerckhoffs da jama'arsa suka nemi a sauƙaƙa nahawun, Schleyer ya ce harshen nasa ne, ba mai taɓawa sai da yardarsa. Cikin 'yan shekaru jama'a suka watse, wasu suka koma Esperanto. Zamenhof kuwa tun a littafinsa na farko ya bayyana cewa ya sallama duk wani haƙƙi nasa a kan harshen.

Sautuka

Esperanto yana da haruffa 28, kuma ƙa'idarsa ita ce harafi ɗaya sauti ɗaya, yadda aka rubuta haka za a karanta. Wasulansa biyar ne: a, e, i, o, u. A nan Bahaushe ya samu shiga, domin su ne namu. Har ma an rage masa aiki, tun da babu dogon wasali da gajere, babu kuma karin sauti. Mu a Hausa kalmar gari tana iya zama birni ko abin tuƙa tuwo, wuya tana iya zama ta jiki ko ta wahala, kuka na iya zama na hawaye ko na miya, kuma rubutunmu ba ya nuna bambancin. A Esperanto babu wannan. Abin da ke akwai shi ne ƙarfafa gaɓar da ke kafin ta ƙarshe a kowace kalma, ba tare da togiya ba.

Baƙaƙen ne suka fara nuna inda aka haifi harshen. Akwai haruffa shida masu hula: ĉ, ĝ, ĥ, ĵ, ŝ, ŭ. Yawancinsu mun san sautinsu. Ĉ shi ne c ɗinmu na cikin ciki, ĝ shi ne j na Kano, ŝ shi ne sh, ŭ kuma kamar w yake a ƙarshen tagwan wasali, irin na kalmar kyau. Ĵ ya yi daidai da yadda Hausawa da yawa a Nijar suke furta j. Ĥ kuwa irin kha ɗin Larabci ne, wanda duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Harafin j marar hula y yake nufi, c marar hula kuma t ne da s a haɗe, ya yi kusa da ts ɗinmu amma babu tsartuwar maƙogwaro. Masana sun lura cewa wannan jeri na baƙaƙe ya yi kama ƙwarai da na harsunan da ake ji a kasuwar Biyalistok. Wato likita ya ɗauki abin da kunnensa ya saba da shi a matsayin abin da kowane baki zai iya.

Na gwada da bakina, na kuma gwada da abokan ɗakina. Inda muka fara tuntuɓe shi ne kalmomi uku: pino, wata irin bishiya, fino, ƙarshe, vino, giyar inabi. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa muka ce fensir da fasinja da famfo. Ba ta kuma da v, shi ya sa muka ce direba da talabijin. Wani abokina da ya karanta kalmomin uku, biyu sun fito iri ɗaya, ta ukun kuma ta zama bino.

Tuntuɓe na biyu ya fi na farko. Gaɓar Hausa iri uku ce kurum: baƙi da wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Ba mu fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka saka wasali muka ce burodi da fulawa da sukurudireba. To ga Esperanto da knabo, yaro, kvar, huɗu, ŝtrumpo, safa, da scii, sani, wadda ake farawa da s, a bi da t da s kafin a kai ga wasali. Ɗan Poland ko Bajamushe zai faɗe su yana hamma. Bahaushe kuwa, da mutumin Japan da mai jin Suwahili, sai sun yi gumi. Kalmar sani kuma ba wadda mutum zai kauce wa ba ce a magana ta yau da kullum.

Su ma huluna sun jawo wahala irin wadda muka sani. Maɗaba'u da yawa ba su da waɗannan haruffa, sai Zamenhof ya yarda a rubuta ch, gh, sh a madadinsu. Da intanet ya zo, mutane suka koma sa x a bayan harafin. Mu ma haka muka yi fama da lanƙwasar ɓ, ɗ, ƙ a zamanin tafireta, ana bin takarda da biro ana ƙara ƙugiya, har yau kuma a waya da yawa suna rubuta kasa suna nufin ƙasa.

Nahawu

A nan ne aikin likita ya fi burge ni. Ƙarshen kowace kalma yana faɗin ajinta. Suna yana ƙarewa da o, sifa da a, bayanau da e, aikatau marar lokaci da i. Daga saiwar san- ana samun sano, lafiya. Sana, mai lafiya. Sane, cikin lafiya. Sani, kasancewa lafiya. Lokutan aikatau uku ne: -as na yanzu, -is na da, -os na gaba, sai -us na sharaɗi da -u na umarni. Ba ya sauyawa saboda mai aikatawa: mi lernas, ina koyo, vi lernas, kana koyo, ili lernas, suna koyo. Babu aikatau ko ɗaya da ya fanɗare wa wannan tsari.

Jam'i kuwa j ne kawai, wato sautin y: domo, gida, domoj, gidaje. Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawa kan jam'in Hausa zai ji hassada a nan. Gida gidaje, jirgi jirage, doki dawaki, kare karnuka, takobi takubba, littafi littattafai, mace mata. Mu mun sha su a nono, amma baƙon da ya zo koyon Hausa dole ya haddace kusan kowane ɗaya da kansa. Haka kuma sunayen abubuwa a Esperanto ba su da jinsi. Ba sai mutum ya san cewa riga mace ce wando namiji ba.

Abin da ya fi kama da namu shi ne ɗafi. Don rage yawan kalmomin da za a haddace, Zamenhof ya tanadi ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya masu ma'ana tsayayya. Ɗafin -ej- wuri yake nunawa: lerni, koyo, lernejo, makaranta. Ɗafin -il- kayan aiki: ŝlosi, kullewa, ŝlosilo, makulli. Ɗafin -ist- mai sana'a. Da na ga wannan sai na tuna da ma- ɗinmu, wanda yake ba mu maƙera da majema da masallaci, ya ba mu mabuɗi da magirbi, ya ba mu manomi da marubuci. Ɗafin -ig- kuma sa wani ya yi abu yake nufi: manĝi, ci, manĝigi, ciyar. Wannan shi ne aikin da giredi na biyar yake yi a tsarin aikatau na Parsons, kamar fita da fitar, saya da sayar. Akwai ma wakilin suna oni, wanda yake daidai da an da ana na Hausa, da kalmar tambaya ĉu, wadda aka aro daga harshen Poland, mai aikin shin. Sai kuma mal-, mai juya ma'ana: bona, mai kyau, malbona, mummuna, varma, mai zafi, malvarma, mai sanyi. Da waɗannan ake gina kalma kamar malsanulejo: mal kishiya, san lafiya, ul mutum, ej wuri, o suna. Wurin marasa lafiya ke nan, wato asibiti.

Haka ya tsara kalmomin tambaya da nuni a jadawali guda mai gida 45, goshi biyar da ƙeya tara. Misali ƙeyar -e wuri ce: kie, ina, tie, can, ie, wani wuri, ĉie, ko'ina, nenie, babu inda. Hausa tana da ɗan irin wannan a wa da kowa, me da komai, ina da ko'ina, yaushe da koyaushe, amma namu bai cika jadawali ba.

Duk da wannan sauƙi, akwai wuraren da Turai ta leƙo. Na farko shi ne n da ake liƙa wa karɓau. La knabo vidas la hundon, yaro yana ganin kare. La knabon vidas la hundo, kare ne yake ganin yaro, ko da yake yaron ne a gaba. Rashanci da Jamusanci da Latin duk suna da irin wannan, saboda haka likita bai ga wuyarsa ba. Hausa da jerin kalmomi take rarrabe aikau da karɓau, kamar Ingilishi da Sinanci. Bugu da ƙari, dole sifa ta bi sunanta a jam'i da wannan n ɗin: grandajn hundojn, manyan karnuka a matsayin karɓau.

Na biyu shi ne jinsin mutane. Patro uba ne, uwa kuwa patrino, wato an ciro ta daga uba da ɗafin -in-. Frato ɗan'uwa, fratino 'yar'uwa. Mu ma muna cewa malam da malama, zaki da zakanya, amma uwa kalma ce mai zaman kanta. Masu harshen na wannan zamani sun daɗe suna muhawara a kan wannan, wasu har sun kawo sabon ɗafi na namiji don a daidaita. Na uku shi ne yadda aka yanka ma'ana. Frato bai bambanta wa da ƙane ba. Onklo ya haɗa kawu da baffa, onklino ta haɗa inna da goggo. Zumuncin gidan Bature ne aka mayar ma'auni. Saiwoyin kalmomin ma mafi yawansu daga Latin da 'ya'yanta ne, irin su Faransanci da Italiyanci, saura daga Jamusanci da Ingilishi, kaɗan daga Rashanci da harshen Poland da Girkanci. Ɗalibin Nijar da ya yi Faransanci zai shaida kalmomi da yawa tun ranar farko. Manomin da bai shiga boko ba kuwa daga tushe zai fara.

Rigimar gyara

Waɗannan kurakurai ba a ɓoye suke ba, mabiyan farko ma sun gan su. A shekarar 1894 Zamenhof da kansa ya gabatar da gyare-gyare, ciki har da zubar da huluna da n ɗin karɓau, ya ce masu karanta jaridarsu su jefa ƙuri'a. Mafi rinjaye suka ƙi. A 1905 aka yi babban taron farko a garin Boulogne-sur-Mer na Faransa, mutum 688 daga ƙasashe 20. A nan aka amince da littafin Fundamento a matsayin tushen da ba wanda zai taɓa, har shi mai harshen. Ana iya ƙara sababbin kalmomi, amma ba a rushe abin da aka kafa.

Waɗanda ba su gamsu ba suka ɓalle a 1907, ƙarƙashin Louis Couturat da Louis de Beaufront, suka fito da gyararren harshe mai suna Ido. Ma'anar sunan ɗa ko zuriya, ba idon gani ba, ko da yake Bahaushe zai yi murmushi jin cewa Ido ne ya yi wa likitan ido tawaye. Ido ya cire huluna, ya sauke wajabcin n, ya daina sa sifa bin suna. A takarda ya fi uban sauƙi ta wasu fuskoki. Amma mabiyansa suka ci gaba da gyara a kan gyara, wasu suka sake ɓallewa suka ƙera nasu, yawancin jama'a kuma suka zauna a kan Esperanto. Mutumin da ya ɓata shekara yana koyon harshe yana son ya tabbata abin da ya koya bana zai yi masa aiki baɗi.

Zamenhof ya rasu a 1917, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, yana ganin mutanen da ya so ya haɗa suna kashe juna. Bayan yaƙin an kai maganar koyar da Esperanto gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, Faransa ta tsaya kai da fata ta hana, domin harshenta ne na diflomasiyya, har ta hana koyar da shi a makarantunta a 1922. Hitler ya kira shi makamin Yahudawa. 'Ya'yan Zamenhof uku duk 'yan Nazi suka kashe su: Adam a 1940, Zofia da Lidia a sansanin Treblinka a 1942. A Tarayyar Sobiyet ma, a shekarun 1937 da 1938, an kama masu harshen da yawa bisa zargin leƙen asiri, aka kashe wasu. Da wannan duka harshen bai mutu ba. Hukumar UNESCO ta yaba da aikin ƙungiyarsa a 1954, kuma a 2024 aka yi babban taronsa na shekara a Arusha ta Tanzaniya, karo na farko a Afirka.

Wani abin lura shi ne, da mutane suka riƙe shi, sai ya fara halin harsunan gado. Harafin ĥ ya yi ta janyewa, ĥemio ta koma kemio. Kalmar hospitalo ta zauna kusa da malsanulejo, kamar yadda kwamfuta ta zauna kusa da na'ura mai ƙwaƙwalwa a wurinmu, ana kuma gardama iri ɗaya tsakanin masu son aro da masu son ƙira. Akwai ma yaran da iyayensu suka tashe su da shi a gida, waɗanda ake ƙiyasta yawansu da kimanin dubu.

Kammalawa

Mu ma a Afirka ta Yamma an gwada irin wannan. A Nijeriya Alex Igbineweka ya fara harshen Guosa a 1965, yana ɗiba daga Hausa da Yarbanci da Ibo da wasu. A Gana K. A. Kumi Attobrah ya fito da Afrihili a 1970. Burinsu irin na Zamenhof ne, a samu harshen da ba wanda zai ce an danne shi, amma babu ɗayansu da ya shiga kasuwa. Hausa kuwa, da jam'inta mai wuya da karin sautinta da ƙugiyoyinta, ta kai Kumasi da Yawunde da Hartum a bakin fatake da alhazai da malamai. Inda ta yi wa baƙi nauyi su da kansu suka rage mata kaya, kamar yadda Hausar zangon Gana ta zubar da bambancin jinsi ba tare da wani kwamiti ya zauna ba.

Saboda haka da malam ya sake tambayata, amsar da na bayar ita ce ba zan iya zaɓen baƙaƙe don duniya ba, domin duk abin da na kira mai sauƙi, bakin mahaifiyata ne ya gaya mini haka. Zamenhof ya yi nasara a nahawu, inda hankali yake iya tsara abu, ya kuma gaza a sauti da kalmomi, inda saba take mulki. Abin da ya raya harshensa shekara fiye da 130 shi ne ya sake shi ga jama'a, jama'ar kuma suka yarda da tushe guda suka daina tone shi. Ina ganin wannan ya shafe mu, mu da muke zaman gyaran ƙa'idojin rubutun Hausa da ƙirƙiro kalmomin kimiyya. Kafin mu kori wata kalma ko mu kawo wata, ya kamata mu fara tambayar bakin wa muka auna da shi, na Kano ko na Sakkwato ko na Damagaram, kuma su wa za su riƙe ta bayan an tashi daga taro. Allah ya sa mu dace.